Tailan: Wane jirgi ya dace da zagayen tsibiran Phi Phi?

Masu yawon buɗe ido da ke sauka a Phuket, a kudancin ƙasar Tailan, kan zaɓi jirgin fito ko ƙaramin jirgi mai gudu domin zuwa tsibiran Phi Phi, tafiyar kusan kilomita 45.

Jirgin fito kan ɗauki kimanin sa'o'i 2, ya fi araha, kuma ba ya tangaɗi sosai. Mai gudun kuwa sa'a 1 ta ishe shi, yana kuma tsayawa a tsibirai da dama, sai dai jijjigarsa na wahalar da tsofaffi da mata masu juna biyu.

To amma lokacin tafiya ya fi kuɗin tikiti muhimmanci. Daga watan Mayu zuwa Oktoba damina ce, teku na tumbatsa. A ranar 5 ga Yulin 2018, jirgin Phoenix ya kife cikin guguwa kusa da Phuket, inda mutane 47 'yan ƙasar Sin suka rasa rayukansu.

Saboda haka, kafin fasinja ya biya kuɗi, yana da kyau ya saurari hasashen yanayi, ya kuma tabbatar an tanadar wa kowa rigar hana nutsewa.