Yadda Dutse, Ruwa, Iska da Masu Rai Ke Musayar Kaya a Inkil

Masana kimiyyar ƙasa sun kasa duniya gida huɗu: duwatsu da ƙasar da ke kansu, ruwa a duk inda yake, iskar da ta lulluɓe duniya, sai masu rai, tun daga ƙwayoyin da ido ba ya gani har zuwa kuka da giwa. Wannan rabo na sauƙaƙa karatu ne kawai, domin babu ɗaya a cikinsu da ke zaman kansa. Ruwa da ma'adinan da duniya ta mallaka ba a ƙaro su daga wani wuri, ba su kuma ƙarewa, sai dai su yi ta sauya mazauni. Zafin rana ne ke tura mafi yawan wannan zirga-zirga. Unguwa kamar Inkil, a bakin garin Bauchi kan hanyar Gombe, inda gonaki da sababbin gine-gine ke kafaɗa da kafaɗa, ta isa a ga yadda abin ke gudana.

Dutse shi ne mafi nawa a cikinsu. Bauchi na zaune a kan tsohon dutse mai tauri da ya narke ya daskare a can cikin ƙasa kimanin shekara miliyan 600 da suka wuce. Duwatsun da ke kewaye da garin, irin su Warinje, ragowar da zaizaya ba ta gama ci ba ne. Akwai ma wani nau'in dutse mai duhu da masanin duwatsu M. O. Oyawoye ya yi nazari a kansa a yankin, aka raɗa masa suna daga sunan Bauchi. Rana na gasa dutse, dare na sanyaya shi, ruwan sama na shiga tsaguwa, saiwa na bi tana buɗawa. A haka yake marmashewa ya zama tsakuwa da yashi da laka, yana sakin sinadaran da shuka ke sha. Ƙasar noma mai kaurin ɗan yatsa na iya ɗaukar ɗaruruwan shekaru kafin ta samu.

Ruwa kuwa ɗan sauri ne. Kashi 97 cikin ɗari na ruwan duniya yana cikin teku. Rana na ɗaga tururi daga Tekun Atlantika, iskar damina ta kwaso shi daga kudu maso yamma, ya zuba a Bauchi tsakanin Mayu da Oktoba, kimanin milimita 1,000 a shekara. A matsakaici, tururin kan yi kwana tara ko goma a sama kafin ya sauko. Da ya taɓa ƙasa sai ya rabu. Wani ya koma sama nan take, ko ta ganyen dawa da masara. Wani ya bi kwari da rafuka zuwa kogin Gongola, wanda matafiyin Gombe ke ƙetarawa a gadar Dindima. Daga nan Dadin Kowa, sai Numan inda ya faɗa Binuwai, sai Lokoja, sai teku, ɗauke da lakar gonakin da ya ratsa.

Kason da ya nutse cikin ƙasa shi ne abin lura. Dutsen da ke ƙarƙashin Bauchi ba ya shan ruwa, sai a ruɓaɓɓen samansa da cikin tsage-tsagensa. Shi ya sa maƙwabta biyu za su haƙa rijiyar burtsatse, ɗaya ya dace, ɗaya ya tashi a tutar babu. A Yankari, inda dutsen yashi ne mai shan ruwa, maɓuɓɓugar Wikki na fitar da ruwa mai ɗumin digiri 31 rani da damina. Garin Bauchi kuwa ya dogara ne da madatsar Gubi, wato ruwan saman ƙasa da aka tare.

Idan damina ta ɗauke, iska ta juya daga arewa maso gabas, sai hazon hunturu ya sauka. Kaso mai yawa na ƙurar nan daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi yake tasowa, busasshen gindin wani tafki ne da ya ninka Tafkin Chadi na yau nesa ba kusa ba. A cikinta akwai ɓawon ƙananan halittun ruwa da suka mutu dubban shekaru da suka wuce. Ƙurar da ake sharewa a kan tabarma da gilashin mota tana ƙara wa gona ɗan sinadari, wata kuma takan ƙetare teku har dajin Amazon.

Masu rai su ne dillalai tsakanin iska da ƙasa. Kashi 78 cikin ɗari na iska naitirojin ne, amma shuka ba ta iya shansa kai tsaye. Wanda ya tumɓuke wake ko gyaɗa zai ga wasu 'yan ƙulle-ƙulle a jikin saiwar; a cikinsu ƙwayoyin bakteriya ke kama naitirojin suna mayar da shi abincin shuka. Manomin da ke haɗa dawa da wake a kunya ɗaya ya daɗe da sanin amfanin, ko da bai san sunan ba. Gawo ma haka yake yi, ga shi yana zubar da ganye da damina, lokacin da gona ke bukata. Bayan girbi shanu su ci kara da harawa su bar kashi, gara ta ja ragowar zuwa cikin shuri, abin da ƙasa ta bayar ya koma mata. Takin yuriya wannan aikin ne a masana'anta, ta hanyar da Fritz Haber da Carl Bosch suka samar a Jamus a farkon ƙarni na 20.

Kabon ma ta ganye yake shiga. Shuka na zuƙo shi daga iska ta gina jiki, numfashi da ruɓa da wuta su mayar da shi. Wani yakan maƙale na tsawon zamani: farar ƙasar da ake haƙa a Ashaka don yin siminti ta taru ne a gindin wani teku da ya rufe yankin kusan shekara miliyan 90 da suka wuce, kuma gasa ta na sakin kabon da ke ɗaure tun wancan lokaci.

A nan hannun ɗan Adam ya fi bayyana, domin yana gaggauta abin da ke tafiya a hankali. Kabon da ke iska ya tashi daga kashi 280 cikin miliyan kafin zamanin masana'antu zuwa sama da 420 a yau, galibi saboda ƙona mai da kwal a manyan ƙasashe. A gida kuwa, buhun gawayi itace ne na shekaru da ke komawa iska cikin makonni. Karan da aka ƙone a gona naitirojin ɗinsa ya bi hayaƙi. Filin da aka dafe da siminti ba ya barin ruwa ya nutse, sai ya taru a kwata ya yi ambaliya da damina, rijiyoyin unguwa kuma su ja baya tun kafin bazara ta yi nisa.