Kafur a Akwatin Jariri: Ƙamshin da Ke Tayar da Shawara

A bakin aikina na jinya a Bici, akwai warin da nake ganewa tun kafin a kwance goyo, wato warin kafur. Wata rana aka kawo mana jariri namiji, saura kwana biyu suna, idanunsa sun yi ɗorawa, ya ƙi kama nono. Kakarsa ta ce, “Ai shawara ce 'yar nan, kullum muna shanya shi a hantsi.” Da na tambayi maijego inda ta adana kayansa, ta ce tun cikin yana wata bakwai ta jera su a akwati, ta zuba kafur saboda kyankyasai da asu. Nan take muka tura su Kano, kuma Allah ya sa aka ceto shi.

Fararen ƙwallayen nan da muke saya a kasuwa galibi ba kafur ɗin itace ba ne. Sinadari ne mai suna naftalin, wanda ake tacewa daga kwaltar gawayin ƙasa da ɗanyen man fetur. Wani masani a Ingila, John Kidd, shi ya raɗa masa suna a 1821. Ƙirarsa zobba biyu ne manne da juna, masu ƙwayoyin kabon 10 da haidirojin 8.

Halayensa biyu ya kamata uwa ta riƙe. Na farko, yana zama tururi kai tsaye ba sai ya narke ba, shi ya sa ƙwallon ke ƙanƙancewa a akwati, tururin kuma ya kama zannuwa. Na biyu, da ƙyar ruwa ke narkar da shi, amma mai yana narkar da shi sosai. Don haka wanki ɗaya ba lalle ya fitar da shi ba, kuma man da muke shafa wa jariri yana taimaka masa ratsa fata.

Yara da yawa a ƙasar nan, musamman maza, ana haifar su da ƙarancin wani sinadari mai kare jajayen ƙwayoyin jini, sunansa G6PD. Idan naftalin ya shiga jikin irin wannan yaro, ƙwayoyin sai su farfashe, shawara ta tashi da sauri. In ta hau ƙwaƙwalwa, tana iya barin kurumta ko shanyewar gaɓoɓi, ko ma a rasa yaron. Tarayyar Turai ta hana sayar da irin wannan kafur tun 2008.

Uwargida, ki fitar da kafur daga ɗakin jego gaba ɗaya. Kayan da suka kwana da shi a wanke su sau da yawa, a baza su a rana har warin ya ɓace. A makon farko ki riƙa duba idon jariri da dasashinsa a hasken rana. In kin ga rawaya, kada a tsaya shanya ko jiƙo, a nufi asibiti a ranar, domin akwai fitila mai shuɗin haske da ke maganinta idan aka zo da wuri.

Allah ya raya mana zuri'a cikin lafiya.