Santambul Ta Ruwa Da Ta Tudu

Yau shirin namu zai kai mu Santambul, cibiyar kasuwancin Turkiyya, birnin da wani ɓangarensa ke Turai wani ke Asiya. 'Yan kasuwarmu da dama sun san shi, sai dai sanin bai cika wuce unguwar Laleli ba: a sari kaya, a ɗaure, a kama hanyar filin jirgi. To Alhaji, Hajiya, a daure a ware yini guda, a gangaro bakin ruwa.

Daga tashar Eminonu ake tashi yawon jirgin ruwa a mashigin Bosforus. Tun kafin ka isa, 'yan kamasho za su tare ka suna "Bosfor, Bosfor", kai ka ce tashar mota ce ranar kasuwa. Shawarata, ka gaishe su ka wuce, ka yanki tikitin jirgin hukumar birni, Shehir Hatlari, ya fi araha. Akwai gajeren zagaye na kamar awa biyu, akwai dogo mai kaiwa ƙauyen Anadolu Kavagi, wanda kan cinye yini.

Mashigin Bosforus tsawonsa kimanin kilomita 31 ne, shi ya haɗa Bahar Aswad da tekun Marmara. Ruwan nan biyu ne a haɗe. Na sama yana kwararowa kudu, na ƙasa kuwa, da yake ya fi gishiri da nauyi, arewa ya nufa. Masunta na dā sun san haka: sukan zura kwandon duwatsu can ƙasa, ruwan ƙasa ya ja musu kwalekwale, na sama yana ta tafiyarsa.

Jirgi na tashi mai shayi zai zagayo da 'yan ƙananan kofunan gilashi, yara na jefa wa tsuntsayen teku simit, wato zagayayyen burodi mai riɗi. Dubi hagu. Ga fadar Dolmabahce, wadda aka kammala a 1856, ta miƙe kusan mita 600 a gaɓa. A nan Mustafa Kamal Ataturk ya rasu ranar 10 ga Nuwamba, 1938, kuma har yau agogon ɗakin yana kan ƙarfe tara da minti biyar. Ka lura, fadar ruwa ta fuskanta, haka ma tsofaffin gidajen katako na masu hali da ake kira yali. A zamanin Usmaniyya an gina su ne don mai zuwa ta jirgi, shi ya sa wanda ya bi ta mota yawanci katanga kawai yake gani.

Bayan an wuce ƙarƙashin gadar farko, ta 1973, sai a doshi inda mashigin ya tsuke, faɗinsa bai fi mita 700 ba. Nan ne ganuwar Rumeli Hisari. Sarki Muhammad na Biyu, wanda aka fi sani da Muhammadul Fatih, ya gina ta a 1452 cikin wata huɗu da 'yan kwanaki, daura da wata da kakan mahaifinsa Bayazid ya riga ya gina a ɗaya tsallaken. Ya girke igwa, ya ce kowane jirgi ya tsaya. Wani jirgin mutanen Benis ya ƙi, aka nutsar da shi. Ta haka ya yanke wa birnin, wanda a lokacin bai shiga hannunsa ba, hanyar abinci daga arewa, ranar 29 ga Mayu, 1453 kuma ya ci shi. Yanzu manyan tankokin mai ne ke ratsawa ta gaban ganuwar, bisa yarjejeniyar Montreux ta 1936.

Amma fa jirgi adon gari kawai yake nuna maka. Idan mutane kake son gani, sai ka sauka. A kan gadar Galata masu fatsa ne jere dare da rana, a ƙasanta ana gasa kifi ana cusawa cikin burodi da albasa. Ka ratsa Kasuwar Misira, ƙamshin kayan yaji ya raka ka, ka faɗa lungunan Tahtakale, inda 'yan dako ke sunkuye da kaya a gadon baya, kyanwoyi kuwa na kwance abinsu a ƙofar shaguna ba mai korarsu. A cikin wannan cunkoso akwai wani ɗan matsattsen matakala da baƙo zai wuce bai gani ba. Ka hau. Masallacin Rustam Pasha ne a saman shagunan, bangonsa lulluɓe da shuɗayen tayil na Iznik. Ni dai a wurina ya fi fadar can kyau nesa ba kusa ba.

Sai hawan tudu, kuma a sa takalmi mai daɗi, don titunan dutse ne. A ƙololuwa masallacin Sulaimaniyya yake, aikin magini Sinan, daga 1550 zuwa 1557. Kabarin Sarki Sulaiman na Usmaniyya yana cikin harabar, na Sinan kuwa ɗan ƙarami ne a wata kusurwa daga waje. Idan yunwa ta taso, gidajen abincin da ke fuskantar masallacin sun yi suna da farin wake da shinkafa.

Nan za mu dasa aya.