Sauya ƙwayoyin fata zuwa ƙwayoyin Schwann

Sauya ƙwayoyin fata zuwa ƙwayoyin Schwann wata hanya ce ta binciken likitanci da ake ɗaukar ƙwayoyin halitta daga fata, a juya su a ɗakin gwaji su koma ƙwayoyin da ke kula da jijiyoyin saƙo, domin gyara jijiyar da ta yanke. Har yanzu hanyar tana matakin gwaji.

Aikin ƙwayoyin Schwann

Ƙwayoyin sun samo sunansu daga Theodor Schwann, masanin ƙasar Jamus da ya rayu daga 1810 zuwa 1882. Suna nannaɗe jijiyoyin da ke wajen ƙwaƙwalwa da laka da wani rufi mai maiƙo da ake kira mayelin, kamar yadda roba ke rufe wayar lantarki. Idan jijiya ta yanke, su ke kwashe ɓaraguzan, su jeru su nuna mata hanyar sake tsirowa, kimanin milimita 1 a rana. Idan giɓin ya yi faɗi, likitoci kan yanko jijiya daga sha-raɓar majinyacin su dasa, amma hakan na barin wani sashe na ƙafar ba ya jin taɓi. Wannan ne ya sa ake neman ƙwayoyin daga fata.

Tarihi

A shekarar 2006, Shinya Yamanaka na Jami'ar Kyoto a Japan ya mayar da ƙwayoyin fatar ɓera zuwa ƙwayoyin asali ta hanyar shigar musu da ƙwayoyin gado guda 4, sannan ya yi hakan da na ɗan Adam a 2007. Ya samu kyautar Nobel a 2012 tare da John Gurdon na Birtaniya. A 2017, masu bincike a Milan ta Italiya suka nuna cewa ƙwayoyin gado 2, Sox10 da Egr2, sun isa su juya ƙwayar fata kai tsaye ta zama ta Schwann.

Amfani da ƙalubale

Da yake ƙwayoyin na majinyacin ne, jikinsa ba zai ɗauke su baƙi ya yaƙe su ba. Sai dai aikin na da tsada, kuma akwai fargabar ƙwayar da sauyinta bai kammala ba ta zama ƙari.

Alaƙa da kuturta

Ƙwayar cutar kuturta a cikin ƙwayoyin Schwann take zama, shi ya sa hannu da ƙafar mai ita ke daina jin zafi. A 2013, masu bincike a Jami'ar Edinburgh suka gano cewa ita ma tana juya ƙwayoyin su koma kamar na asali, a gwajin ɓeraye. A Najeriya, cibiyar ƙasa ta horarwa kan tarin fuka da kuturta tana Saye, kusa da Zariya a jihar Kaduna. Magungunan da ake bayarwa suna kashe ƙwayar cutar, amma ba sa dawo da jijiyar da ta riga ta mutu.