Tsimi da Tanadi a Ƙaramin Gida na Bayan Gari

1.0 Gabatarwa

Birane irin su Kano sun tumbatsa, har gonakin da ke kewaye da su, kamar na Kumbotso da Ungogo, sun koma unguwanni. Mafi yawan masu gina gidaje a irin waɗannan wurare ƙaramin fuloti suke samu, ga ƙarancin ruwan famfo, ga tsadar makamashi, musamman tun bayan cire tallafin man fetur a shekarar 2023. Wannan darasi zai yi bayanin hanyoyin da irin wannan gida zai riƙe kansa ba tare da ya cutar da muhalli ba.

2.0 Tsarin Gini

Hausawa na cewa, tun ran gini ran zane. Ginin gargajiya na tubali da azara yana da kaurin bango, don haka zafin rana ba ya saurin ratsa shi. Ginin bulo da rufin kwano kuwa yakan ɗauki zafi da wuri. Ana rage wannan matsala ta hanyar sanya silin, da fitar da tagogi masu fuskantar juna domin iska ta riƙa ratsawa, da kuma dasa itace ta yamma da gida, inda ranar la'asar ke dukan bango. Darbejiya na da inuwa mai kyau, amma a nesanta ta da ginin saboda saiwoyinta.

3.0 Ruwa

Ruwan sama milimita 1 da ya sauka a kan rufi mai faɗin murabba'in mita 1 daidai yake da lita 1. Ke nan, idan rufin gida ya kai murabba'in mita 100, ruwan sama milimita 20 zai zubo da lita 2,000, wato jarka 80 mai cin lita 25. Abin da ake bukata shi ne indararo da tanki mai murfi. A bar ruwan farko ya wanke ƙura da kashin tsuntsaye kafin a fara tara, a kuma rufe tankin don kada sauro ya yi ƙwai a ciki. Ruwan alwala da na wankin hatsi sun dace da ban-ruwan shuka. Ruwan wanki mai sabulu kuwa ba a zuba shi a kan ganyen da ake ci ɗanye.

4.0 Taki da Lambu

Manoman karkarar Kano sun daɗe suna kwasar shara da toka daga birni a kan jakuna zuwa gonakinsu. Magidanci zai iya yin haka a cikin gidansa. Sai ya haƙa rami, ya riƙa zuba ɓawon kayan miya da busasshen ganye da kashin kaji ko na awaki, yana yayyafa ruwa yana juyawa duk bayan mako 2. Cikin wata 2 zuwa 3 takin zai nuna. Ba a sanya leda a ciki, domin ba ta ruɓewa. Da wannan taki ake shuka alayyafo da rama da yakuwa da tumatir, ko da a cikin buhu ne. Zogale ma yana jure fari, kuma ba ya cin wuri.

5.0 Makamashi da Adana Abinci

Murhu mai tsimin itace yana tattara wuta a gindin tukunya, ya rage hayaƙi da yawan itacen da ake ƙonawa. Ƙaramin faifan sola kuma ya isa haska gida da cajin waya. Wajen adana kayan lambu akwai dabarar tukunya cikin tukunya, wadda Malam Mohammed Bah Abba ya yaɗa a Jihar Jigawa, har ya sami lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000. Ana cusa jiƙaƙƙen yashi tsakanin tukwane biyu na ƙasa. Yayin da ruwan ke bushewa sai ya janye zafi, abin da ke ciki ya yi sanyi.

6.0 Kammalawa

Malamin makaranta shi ne madubin unguwa. Idan ya jarraba waɗannan dabaru a gidansa da lambun makaranta, ɗalibai za su gani da ido su kai gida.

Jinga: A auna rufin wani aji, a lissafa lita nawa zai tara idan aka yi ruwan sama milimita 30.