Ko Kun Sani?

Kalmar aljebra ta fito ne daga sunan wani littafi da Muhammad bin Musa al-Khwarizmi ya rubuta a Bagadaza wajajen shekarar 820. Babu alamar lissafi ko ɗaya a cikinsa, komai da kalmomi ya bayyana. Adadin da ake nema kuwa ya kira shi "shai'", wato "abu". René Descartes na Faransa ne ya yaɗa amfani da harafin x a 1637.

Dabarar tana aiki har a kan hanyar kasuwa. A ce wani manomi ya bar Kamarawa da jakinsa da ƙarfe 6 na safe, ya nufi Isa, yana cin kilomita 4 a awa. Ƙarfe 8 sai ƙanensa ya ga ya manta da kuɗin cefane, ya hau keke ya bi sawunsa, yana cin kilomita 12 a awa. Yaushe zai cim masa?

Nisa dai shi ne gudu sau lokaci. Idan x ne awannin mai keke, na mai jaki x + 2 ne. Inda za su haɗu nisansu ɗaya, saboda haka 12x = 4x + 8. A cire 4x daga kowane ɓangare, saura 8x = 8, wato x = 1.

Ƙarfe 9 ke nan, kilomita 12 daga gida. Wannan cirewar ita al-Khwarizmi ya kira muƙabala.