Masu sa faci a gidajen gem na Kontagora

Kamfanin Konami na ƙasar Japan ya daina fitar da wasan ƙwallonsa a kan PlayStation 2 tun daga PES 2014. Duk da haka, in ka leƙa gidan gem a Kontagora kana iya tarar da Victor Osimhen cikin jesin Galatasaray yana gudu a kan injin da ya fara fitowa kasuwa a shekarar 2000, lokacin Osimhen ɗin bai kai shekara biyu a duniya ba. Wannan aikin mai sa faci ne. Wasu suna ce masa mai loda gem, kuma sau da yawa shi ne dai mai gyaran pad, mai tura finafinai a memori, a wani ɗan shago kusa da masu cajin waya.

Faci tarin fayil ne da masoya wasan ke haɗawa don su sauya sunayen 'yan wasa, jesi, fuska, ƙwallo da fili. Buƙatarsa ta daɗe. Konami bai cika samun lasisin ƙungiyoyin Ingila ba, shi ya sa shekara da shekaru Manchester United take fitowa da sunan Man Red, Chelsea kuma London FC. Ɗan Kontagora da ya kwana yana musu a gidan kallon ƙwallo ba zai yarda ya buga da wata Man Red ba. Yawancin facin daga waje yake zuwa, daga Burazil, inda Bomba Patch ya yi suna, da Indunusiya da ƙasashen Larabawa. Mai sa facin namu ba shi ke zana fuskokin ba. Gwanintarsa ita ce sanin wanne zai ɗauko, wanne zai cire, da abin da injin da ke gabansa zai iya ɗauka ba tare da ya sandare ba.

A nan ne ake bambanta gwani da ɗan koyo. PS2 tana da ma'ajiyar aiki ta megabait 32 kacal, ta hoto kuma megabait 4. Hoto ɗaya da wayar zamani ta ɗauka yana iya cinye wannan huɗun. Saboda haka duk sabuwar jesi sai an matse ta ta zauna a gurbin tsohuwar, girma ɗaya, yawan launi ɗaya. In aka yi zari, wasan ya maƙale a baƙin allo kafin a take leda. Yawancin injinan ma idonsu na karanta faifai ya mutu, ana tayar da su ne da Free McBoot a memori kad, manhajar OPL kuma ta karanto wasan daga filas. Amma kafar USB ta PS2 tsohuwa ce, samfurin 1.1, tana jan ƙafa, shi ya sa bidiyon buɗe wasa ke sarƙewa. Gwani yakan zaɓi facin da aka rage wa bidiyo da kiɗa, domin babu wanda ya biya kuɗi don ya kalli bidiyon buɗewa. Ya kuma san tsarin FAT32 ba ya karɓar fayil da ya kai gigabait 4, sai an raba shi da USBUtil.

Kasuwa mafi girma yanzu tana aljihun samari. Manhajar PPSSPP, wadda Henrik Rydgård ɗan Suwidin ya fitar a 2012, tana sa wayar Android ta buga wasannin PSP. Allon PSP ɗigo 480 ne a kwance, 272 a tsaye, don haka hoton yana fitowa dishi-dishi a babbar waya. Kowa yana so a ɗaga masa yawan ɗigon. Abin da mai waya bai cika lissafawa ba shi ne ninki biyu yana nufin wayar za ta zana ɗigo sau huɗu, ninki uku kuma sau tara. Yaro ya zo da Itel ko tsohuwar Tecno ya ce, "Oga, a sa min irin na PS5, da koriyar ciyawar nan." Ogan ya juya wayar, ya duba ma'ajiyarta, ya ce, "Ƙanena, zan sa maka jesi da fuska, ciyawa kuwa ka haƙura."

Ni ina ganin wannan amsar ita ce sana'ar gaba ɗaya. Akwai tsarin abin da ake sadaukarwa: 'yan kallo su ne na farko, sai inuwa, sai ciyawa mai kauri, sai allunan talla masu motsi. Jesi da fuska da ƙwallo ana barin su, don su ne ido ke nema. Kyamarar wasa tana nesa, kamar ta talabijin, kuma daga wannan nisan ba wanda zai bambanta ciyawar da aka zana da ɗigo dubu huɗu a kowane gefe da wadda aka zana da dubu ɗaya, alhali ta farkon tana cin ma'ajiya sau goma sha shida. Maƙaryacin mai loda gem yana da wata dabara: ya cusa komai, sannan ya kunna tsallake hoto. Wasan zai yi kamar yana gudu, amma ka danna fasin, ƙwallo ta fita bayan mai tsaron baya ya riga ya iso. Mai gaskiya yana gwadawa a inda nauyi yake, wato bugun kwana da 'yan wasa suka cika da'ira, ko wasa cikin ruwan sama, kuma ba ya yanke hukunci sai wayar ta yi zafi.

Masu laftof 'yar Beljiyam, galibi ɗaliban jami'ar ilimi ta tarayya da ke garin, wadda aka fi sani da FCE, nasu ya fi faɗi. PES 2013 da 2017 suna tafiya a kan ƙaramin inji, PES 2021 kuma ana ɗora masa filaye da fuskoki ta manhajar Sider ba tare da an taɓa ainihin fayilolin wasan ba, in wani abu ya yi nauyi a kashe shi kaɗai. Shawarar farko a nan ita ce a sauko daga 1080 zuwa 720, aikin zane ya ragu da fiye da rabi.

Wani lokacin laifin ba na faci ba ne. Ƙurar hunturu tana toshe fanka, zafin Maris da Afrilu ya biyo baya, injin ya rage gudu da kansa don kada ya ƙone. Sai a buɗe, a hure da bulowa, a sauya man da ke tsakanin cif da ƙarfen sanyaya shi. Ga batun wuta. Tashoshin wutar Kainji da Shiroro duk a nan jihar Neja suke, amma gidan gem da janareta yake rayuwa, kuma tun da aka cire tallafin fetur a Mayun 2023 kowane minti na da farashi. Ana biya ne wasa-wasa. Injin da ya sandare ana biyu da ɗaya a minti na tamanin ya jawo rigima, ya jawo maimaici kyauta, fetur kuma yana ƙonewa. Mai gida ya fi kowa ƙin faci mai nauyi.

Ba makaranta ake koyon aikin ba. Yaro yana farawa da share pad da karɓar kuɗi, ya koyi ajiye kwafin memori kafin ya taɓa komai, saura kuma daga YouTube da zaurukan Telegram. Oga yana sauke fayil sau ɗaya cikin dare lokacin da data ke da araha, ya yi ta turawa da Xender. Babu izinin Konami a duk wannan, kuma kamfanin tun 2021 ya koma eFootball, wanda ake saukewa kyauta, yana sabunta 'yan wasa da kansa. Sai dai yana son waya mai ƙarfi da intanet marar yankewa, abu biyun da ba kowa ke da su ba. Shi ya sa da zarar an rufe kasuwar 'yan wasa ta Turai, a farkon Satumba da kuma ƙarshen Janairu, benci ke cika a ƙofar shagon, kowa da filas ko waya a hannu.